Yadda Ake Neman Gurbi da Yin Digirin Harshe da Adabin Galego da Fotugis a Jami'a

Masu sha'awar karatun harshen Fotugis sun yi ta aiko da tambaya a kan wani kwas da suke cin karo da shi wajen bincikensu, wanda ya haɗa Fotugis da wani harshe mai suna Galego, suna son su san yadda ake neman sa da abin da zai ci. Galego harshen yankin Galisiya ne, a arewa maso yammacin Sifaniya, daidai saman iyakar ƙasar Fotugal, yanki mai mutane kusan miliyan 2.7, kuma tsatsonsa ɗaya da Fotugis. Zan ɗauki Jami'ar A Coruña a matsayin misali, domin Tsangayar Nazarin Harsunanta tana da digiri mai ɗauke da sunan harsunan biyu tare, na shekara 4, mai kiredit 240 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi). Abin da ya fi kayar da masu nema shi ne rashin bin matakan a jere, don haka a jere zan kawo su.

1. Tantance jami'a da kwas

Jami'o'in gwamnati uku ne a Galisiya: Santiago de Compostela, A Coruña da Vigo. A Coruña ce ta haɗa Galego da Fotugis cikin digiri ɗaya, tana kuma da tsarin da ke bai wa ɗalibi damar haɗa wannan digirin da na Turancin Ingilishi, ko da yake wannan yakan ɗauki lokaci fiye da shekara 4. A Santiago kuwa digirin harshe da adabin Galego daban yake, Fotugis kuma yana cikin digirin harsunan zamani. Ka shiga shafin kowace tsangaya ka sauke tsarin karatun shekarar da kake nema, ka duba darussan wajibi da na zaɓi, sannan ka buɗe jagorar kowane darasi, domin a nan ake rubuta harshen da malami zai koyar da shi.

Gargaɗi: idan Fotugis kaɗai kake so, wannan kwas ba naka ba ne. Babban kaso na nauyin karatun a kan Galego yake, harshen da amfaninsa a kasuwar aiki ya fi yawa a cikin Galisiya. Wanda burinsa Fotugis zalla ne gara ya nemi jami'o'in Lisbon, Porto ko Coimbra, ko ma ya fara daga gida, tun da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta daɗe tana koyar da shi.

2. Fara harsunan kafin ka taɓa takarda ko ɗaya

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Harsuna uku za ka rayu da su a can. Sifaniyanci shi ne na ofishin jakadanci da na 'yan sanda da na jarrabawar shiga. Galego shi ne na yawancin azuzuwa da takardun jami'a. Fotugis kuma shi ne na darussansa. A ganina a fara da Sifaniyanci, a ba shi aƙalla shekara guda har a kai matakin B1 mai ƙarfi ko B2, wato matsakaitan matakai a ma'aunin iya harshe na Turai, a kuma rubuta jarrabawar DELE ta Cibiyar Cervantes ko ta SIELE don a samu shaida a hannu. Bayan Sifaniyancin ya zauna sai a ɗora Fotugis a kansa. Galego ya zo daga ƙarshe, wata shida ko makamancin haka kafin tafiya, da nufin kunne ya saba ne kawai, domin jami'ar ce za ta koyar da shi dalla-dalla.

Kayan aikin ba su da tsada. Ƙamus ɗin Real Academia Galega, wato hukumar da aka kafa a 1906 wadda ke kula da daidaitaccen Galego, kyauta ne a intanet, haka ma ƙamus ɗin Priberam na Fotugis. Gidan talabijin na TVG da Radio Galega suna watsa shirye-shiryensu da Galego, RTP kuma da Fotugis na Turai. Sauraron labarai na minti talatin kullum ya fi zaman yini guda sau ɗaya a mako. Akwai kuma kwas ɗin bazara na baƙi mai suna Galego sen fronteiras, wanda yawanci ake yi a Santiago cikin watan Yuli, ga wanda ke da halin zuwa ya ga wurin da idonsa kafin ya ɗaure kansa da shekara 4.

Bahaushe yana da sauƙi biyu a nan. Na farko, Hausa tana da jinsin namiji da tamata a sunaye, kuma yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, haka abin yake a Galego da Fotugis, sai dai a haddace 'yan tsirarun da suka saɓa, irin su "o problema" da "o mapa". Na biyu, harshen da ya saba kaɗa "r" ba zai sha wuya ba wajen bambance "caro", mai tsada, da "carro", keken shanu, a furucin Galego. Wahalar tana wajen "p" da "f", waɗanda bakinmu ke yawan gauraya su, alhali a can "pala" da "fala" kalmomi ne daban. A zauna da na'urar ɗaukar murya ta waya, a karanta jerin irin waɗannan tagwayen kalmomi, a saurari kai, a gyara.

Gargaɗi: kada ka koyi Sifaniyanci da Fotugis a lokaci ɗaya daga tushe. Kamanninsu ya yi yawa, kuma wanda ya gwada hakan yakan ƙare da cakuɗaɗɗen harshe wanda raba shi daga baya ya fi koyon farko wuya.

3. Daidaita takardar sakandare

Sifaniya ba ta karɓar takardar sakandaren ƙasar waje haka kawai, sai Ma'aikatar Iliminta ta amince cewa daidai take da tasu ta Bachiller. Wannan aiki shi suke kira homologación. Za ka haɗa takardar kammalawa, WAEC ko NECO ga ɗan Najeriya, Bakaloriya ga ɗan Nijar, tare da sakamakon shekarun ƙarshe na sakandare da kwafin fasfo.

Jerin hatimin yana da muhimmanci. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta hatimi ɗaya, don haka takardun sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Sifaniya. Sai an gama buga hatiman nan duka za a kai wa rantsattsen mai fassara wanda Sifaniya ta amince da shi, domin hatiman ma suna cikin abin da zai fassara. Daga nan a biya kuɗin hukuma da fom mai lamba 790, lambar aiki 079, a shigar da buƙata. Da zarar an shigar, ka nemi takardar wucin gadi da ake kira volante, wadda ke ba ka damar ci gaba da neman gurbi bisa sharaɗi kafin amsa ta fito.

Gargaɗi: amsar takan ɗauki watanni, saboda haka a shigar da buƙatar tun kaka ko farkon hunturun shekarar da ta gabaci tafiya. A kuma duba rubutun suna. Idan fasfo ya ce Muhammad, takardar makaranta ta ce Mohammed, ko an juya sunan uba da na yanka, a gyara da takardar rantsuwa ta kotu tun a gida, kafin hatimin farko. Wanda ya yi fassara kafin hatimi kuwa zai sake biyan mai fassara.

4. Makin shiga da neman gurbi

Makin shiga jami'a a Sifaniya yana kaiwa 14: goma daga sakamakon sakandare da jarrabawar gama-gari, huɗu daga darussan da suka dace da kwas ɗin da ake nema. Ɗaliban waje suna bi ta sashen UNEDasiss na jami'ar karatu daga nesa ta ƙasar, wanda ke lissafa maki yana kuma shirya jarrabawar PCE, wato jarrabawar darussa ta masu neman shiga jami'a daga waje, zagayen farko a wajajen Mayu zuwa Yuni, na biyu a Satumba. Ka zaɓi darussan da suka shafi harshe da adabi, ka kuma duba jerin cibiyoyin jarrabawar da wuri, domin ba kowace ƙasa ce ke da cibiya ba, kuma tafiya zuwa wata ƙasa don rubutawa kuɗi ne da biza na daban.

Neman gurbin kansa ba a jami'a ake yin sa ba. Hukumar CIUG ce ke karɓar buƙatun jami'o'in Galisiya uku a wuri ɗaya ta intanet, a farkon bazara, kuma za ka jera kwasa-kwasan da kake so bisa fifiko. Kwasa-kwasan harsuna irin wannan ba su cika cunkoso ba, don haka makin da ake yankewa a kai ba shi ne babbar matsala ba. Matsalar ita ce wa'adi. Idan sunanka ya fito, kwanaki kaɗan ake bayarwa don yin rajista, wanda ya bari suka wuce kuma ya rasa gurbin.

Gargaɗi: ka nufi zagayen Mayu zuwa Yuni. Karatu yana farawa cikin Satumba, kuma wanda ya jira zagaye na biyu ba zai samu lokacin neman biza ba.

5. Lissafin kuɗi

Gwamnatin yankin, wato Xunta, ita ke yanke kuɗin karatu kowace shekara bisa kiredit, kuma Galisiya tana cikin yankuna mafi araha a Sifaniya. Shekaru da dama farashin kwasa-kwasan harshe da adabi ya tsaya a Yuro 9.85 kan kowane kiredit a rajistar farko, wato Yuro 591 na kiredit 60 na shekara guda, ban da ƙananan kuɗaɗen ofis. Sai dai doka ta bai wa jami'o'i damar ɗora wa baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, wanda kuma ba shi da izinin zama, farashi mafi girma, don haka ka rubuta wa ofishin rajista ka nemi adadin da ya shafe ka a rubuce. Za ka kuma ji labarin cewa daga shekarar karatu ta 2024/2025 Xunta ta ɗauke wa ɗalibai kuɗin rajistar farko. Tsarin yana da sharuɗɗa, kada ka gina kasafinka a kansa sai an tabbatar maka kana ciki.

Babban nauyin yana kan rayuwa. Don biza ana buƙatar shaidar kuɗin da ya kai ma'aunin kuɗin shiga na gwamnatin Sifaniya mai suna IPREM a kowane wata, wanda yake Yuro 600 tun 2023, wato Yuro 7,200 na wata goma sha biyu. A kan wannan sai a ɗora inshorar lafiya, kuɗin hatimi da fassara, kuɗin jarrabawar PCE da ta DELE, tikitin jirgi, da ajiyar haya ta wata ɗaya ko biyu da masu gida ke karɓa tun kafin a shiga ɗaki. Ɗakin haya cikin gidan da ɗalibai suka haɗu ya fi ɗakin kwanan ɗalibai araha, kuma haya a A Coruña ko Santiago ba ta kai ta Madrid da Barselona ba.

Gargaɗi: darasin da ka faɗi, maimaita shi ya fi tsada, karo na uku kuma ya fi na biyu. Faɗuwa a can hasarar kuɗi ce kai tsaye.

6. Biza da makonnin farko

Da takardar samun gurbi a hannu, sai neman bizar karatu ta dogon zama. A Najeriya Sifaniya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Ban da fasfo da shaidar kuɗi da inshora, za a nemi takardar likita da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da tarihin laifi, su ma da hatimi da fassara. Ka shigar da buƙatar aƙalla wata biyu kafin fara karatu. Idan wani ne zai ɗauki nauyinka, a haɗa da wasiƙarsa da bayanan asusunsa na watanni da shaidar dangantakarku. Kuɗin da aka zuba cikin asusu dare ɗaya ana gab da kai takardu yana jawo zargi fiye da yadda yake taimakawa.

Bayan isa, abu biyu ne na gaggawa: rajistar adireshi a ofishin ƙaramar hukuma, da neman katin shaidar baƙo, TIE, a ofishin 'yan sanda cikin wata guda da shiga ƙasar. Ka nemi ranar ganawa tun makon farko, domin layin yakan yi tsawo a watan Satumba da Oktoba. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki har awa 30 a mako matuƙar bai ci karo da karatu ba, amma ban ba kowa shawarar ya dogara da wannan a shekarar farko ba, lokacin da kansa ke fama da harsuna uku.

Tsangayar tana harabar Zapateira, a kan tudu a wajen tsakiyar gari, ana zuwa da bas. Yanki ne mai yawan ruwan sama, takalmi mai hana ruwa da lema mai ƙwari suna cikin kayan karatu. Ga Musulmi kuma, girkin Galisiya yana yawan amfani da naman alade da kitsensa har cikin miyar ganye, don haka a riƙe kalmomin "porco", "xamón", "touciño" da "unto", masu nufin alade da namansa da kitsensa, tun ranar farko. Kifi kuwa yana da yawa.

7. Raba harsunan biyu a cikin kai

A nan ainihin aikin digirin yake. Shekarun farko sun fi karkata ga tubali, irin su kimiyyar harshe da nazarin adabi da darussan harsunan kansu, daga baya a shiga tsarin sauti, ginin jimla, tarihin harshe, karin harsuna da adabin kowane zamani. Ana ba da maki daga 0 zuwa 10, ana cin darasi da 5, kuma kowane darasi yana da damar jarrabawa biyu a shekara.

Abin da ke cinye makin baƙo shi ne rubuta harshe ɗaya da ƙa'idar ɗayan. Galego yana rubuta "fillo", ɗa, Fotugis ya rubuta "filho". Galego "viño", Fotugis "vinho". Galego "xente", mutane, Fotugis "gente". Galego "nación", Fotugis "nação". Galego "unha", Fotugis "uma". A furuci ma haka: Fotugis yana da wasulan hanci waɗanda daidaitaccen Galego ba shi da su, kuma daidaitaccen Fotugis yana bambance "b" da "v" alhali Galego yana furta su iri ɗaya. Dabarar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce. A sayi littafin rubutu guda, a tsaga kowane shafi gida uku, Galego, Fotugis, Sifaniyanci, duk kalmar da malami ya ja wa jan layi a shigar da ita cikin gidajen uku a daren ranar. A kuma ware ranaku, yau karatun Galego kawai, gobe na Fotugis, kada a yi aikin gida na biyun a zama ɗaya. Wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta daidaitacciyar Hausa alhali bakinsa ya tashi da Sakkwatanci ya san irin tsaron da ake buƙata.

Sai batun matsayin wakilin suna a jimla, wanda wani lokaci yake bin aikatau a baya, wani lokaci ya gabace shi, da bambancin "te" da "che" a Galego, wato kamar "ka" da "maka" a Hausa. Waɗannan ba a koyon su da ji kawai, sai da atisaye a rubuce, kuma malamai suna da sa'o'in ganawa da ɗalibai a ofis kowane mako, waɗanda baƙi da yawa ke jin nauyin amfani da su. Ka je da rubutunka a hannu.

Gargaɗi: za ka tarar da muhawara mai zafi a kan yadda ya kamata a rubuta Galego. Ƙa'idar hukuma ita ce wadda Real Academia Galega da Instituto da Lingua Galega, cibiyar nazarin Galego ta Jami'ar Santiago, suka fitar a 1982 aka kuma yi mata gyara a 2003. Akwai kuma masu ra'ayin cewa Galego da Fotugis harshe ɗaya ne, suna rubuta shi da ƙa'idar da ta kusanci ta Fotugis. Ka karanta hujjojin ɓangarorin biyu, domin suna cikin abin da za a koya maka, amma a takardar jarrabawa ka bi ƙa'idar hukuma sai in malami ya ce akasin haka. Littattafan da aka buga kafin 2003 ma a yi hattara da kwaikwayon rubutunsu. A Fotugis kuma ka zaɓi na Turai ko na Burazil ka tsaya a kansa cikin rubutu guda.

8. Tsara karatun adabi

Jerin littattafan yana da tsawo, kuma ana iya ganinsa a jagorar darasi tun kafin zango ya fara, don haka hutun bazara na karatu ne. Wuri mafi wuya shi ne waƙoƙin ƙarni na 13 da na 14, lokacin da harsunan biyu ke da adabi guda: waƙoƙin bege da aka sa a bakin mace, na soyayya a bakin namiji, da na zambo, daga mawaƙa irin su Martin Codax da Sarki Dinis na Fotugal. A nemi bugu mai bayanin kalmomi a gefe, a karanta da murya, domin don rerawa aka yi su kuma amshin da ke maimaituwa shi ke buɗe ma'anar. A ɓangaren Galego ba makawa sai an san Rosalía de Castro, wadda diwaninta na 1863 ake ɗauka mafarin farfaɗowar adabin harshen, sai Castelao da abokan zamaninsa. A ɓangaren Fotugis akwai Camões da Pessoa da Saramago, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998, da Machado de Assis na Burazil, da marubutan Afirka irin su Pepetela na Angola da Mia Couto da Paulina Chiziane na Mozambik. Ka fara da gajerun labarai na zamani kafin ka tunkari tsoffin matani, ka kuma guji karanta fassarar Turanci a madadin asali, domin a jarrabawa yankin matani za a ajiye maka a ce ka yi sharhin harshensa.

9. Zango a Fotugal da takardun shaida

A shekara ta uku ka yi ƙoƙarin tafiya musayar ɗalibai ta Erasmus zuwa Braga, Porto, Coimbra ko Lisbon. Ana neman ta tun shekarar da ta gabata, kuma kafin tafiya sai an sa hannu a kan yarjejeniyar darussan da za a lissafa maka idan ka dawo, in ba haka ba kiredit ɗin zai salwanta. Ka tabbatar katin TIE ɗinka ba zai ƙare kana can ba. Da dawowa, tun harshen yana da ɗumi, ka rubuta jarrabawar CAPLE ta Jami'ar Lisbon, matakin DIPLE wato B2 ko DAPLE wato C1, ko Celpe-Bras idan Burazil ka nufa. Shaidar Galego kuwa Celga ce, ta Xunta, mai matakai 1 zuwa 5, kuma ka tambayi tsangaya matakin da digirinka zai ba ka ba tare da jarrabawa ba.

10. Kundin kammalawa da abin da ke biyo baya

A shekara ta huɗu ake rubuta kundin kammala digiri a ƙarƙashin malami mai dubawa, a kuma gabatar da shi don tantancewa. Ka nemi malamin tun ƙarshen shekara ta uku, ka je masa da batu ƙarami wanda za a iya gamawa cikin wata shida. A nan mai jin Hausa yake da abin da abokan ajinsa ba su da shi. Bayin Hausawa da aka kai Bahia a Burazil sun taka rawa a boren 1807 da waɗanda suka biyo baya, kuma a boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador an samu takardu da rubutun Larabci a jikin mayaƙa. Bayanan kotu da na hukuma a kan waɗannan da Fotugis suke, don haka wanda ya iya Fotugis da Hausa da ɗan Larabci yana da hanyar bincike a buɗe. Kwatanta yadda Galisiya ta shigar da harshenta makarantu da ofisoshi bayan dokar harshe ta yankin ta 1983 da halin da Hausa ke ciki a makarantunmu ma batu ne mai nama.

Gargaɗi na ƙarshe ya shafi aiki. Yawancin 'yan ajin za su nufi koyarwa a sakandaren gwamnatin Galisiya, wadda ke buƙatar digiri na biyu a fannin koyarwa da jarrabawar ɗaukar ma'aikata, kuma kujerun dindindin na 'yan Tarayyar Turai ne da waɗanda doka ta haɗa da su. Hanyar baƙo ta fi karkata ga fassara da tafinta, ɗab'i, ko ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku. Fotugis yana cikin harsunan aiki na ECOWAS da Tarayyar Afirka, kuma shi ne harshen hukuma a Gini-Bisau, Kabo Berde, Angola, Mozambik da Sao Tome. Wanda ya nufi wannan ɓangaren ya zaɓi darussan fassara da na adabin Afirka mai amfani da Fotugis a cikin na zaɓi, ya kuma fara neman gurbin digiri na biyu tun zangon farko na shekara ta huɗu, kafin izinin zamansa ya kusa ƙarewa.